Ƙuraje marasa zafi a al'aurar namiji: tambayoyin da maza ke yi da ƙaramar murya

Na daɗe ina aikin jinya a nan Katsina, kuma akwai tambayar da ba kasafai ake yi mini ita a cikin asibiti ba. Sai an idar da sallar isha'i, ina laluben takalmina a ƙofar masallaci, wani zai ja ni gefe ya sassauta murya: "Malam, don Allah wani abokina ne ya ga 'yan ƙuraje a gabansa, ba zafi, ba ƙaiƙayi." Wani lokaci da gaske abokin ne, sau da yawa kuwa mai tambayar ne. Ban taɓa ganin laifinsu ba, da kunya aka rene mu. Shi ya sa na tara tambayoyin da suka fi dawowa na amsa su a nan, domin wanda bakinsa ya yi nauyi ya karanta shi kaɗai. Karatun zai taimaka maka ka san inda ka dosa, amma tabbatar da abin da ke jikinka sai likita ya gani da idonsa.

Na ga ƙuraje a gabana, ba sa zafi. Ciwon sanyi ne ya kama ni?

Ba lallai ba ne. Mafi yawan waɗanda suka zo mini da wannan fargaba, abin da suka gani halittar fatarsu ce, tana nan tun balaga, ranar ce kawai suka tsaya suka duba da kyau. Wasu kuma askin mara ne ya jawo musu. Kaɗan ne ake samun cuta ce da aka ɗauka ta saduwa.

Sai dai ka riƙe wannan: rashin zafi ba shaidar lafiya ba ce. Tunjere yana farawa ba zafi, tsiron HPV (wata ƙwayar cuta da ake ɗauka ta saduwa) ba ya zafi, ciwon dajin maraina ma a ƙullutu marar zafi yake fara bayyana. Abin da likita ke lura da shi shi ne siffar abin, inda ya fito, tun yaushe yake, da ko yana canzawa.

Nawa ƙanana ne, sun yi layi sun kewaye gefen kan kaciya. Mene ne su?

Idan 'yan mitsi-mitsi ne kamar kan allura, girmansu kusan ɗaya, launin fata ko fari-fari, sun jeru layi ɗaya ko biyu a bakin kan azzakari kamar an jera duwatsun wuya, to kusan tabbas su ne waɗanda likitoci ke kamantawa da lu'ulu'u. Ba cuta ba ce. Ba ƙwayar cuta ke kawo su ba, ba ƙazanta ba, ba kuma hukuncin wani laifi ba ne, kamar yadda samari da yawa ke ɗauka su kwana suna zargin kansu. Suna fitowa bayan balaga, sun fi yawa ga wanda ba a yi wa kaciya ba amma masu kaciya ma suna da su, kuma suna dusashewa yayin da shekaru ke ja. Ba a shafa wa mace su, ba sa taɓa haihuwa ko ƙarfin namiji.

Maganinsu shi ne a ƙyale su. Idan ka ga girmansu ya bambanta, ko sun fita daga layi sun taru wuri ɗaya, karanta amsar da ke magana kan tsiron HPV a ƙasa.

Idan na ja fatar sai in ga ɗigo-ɗigo farare ko masu ruwan ɗorawa a ƙarƙashinta. Su fa?

Waɗannan 'yan jakunkunan maiƙo ne na fata da suka fito fili. Ana kiransu da sunan likitan fata ɗan Amurka da ya bayyana su a 1896, Fodayis. Girmansu bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba, sun fi bayyana idan fata ta miƙe, kuma yawancin manya suna da su. Ka duba madubi, mai yiwuwa ka ga irinsu a gefen leɓenka. Kada ka matse su, ba sa ƙarewa, sai dai ka buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa.

Duk lokacin da na aske mara sai ƙuraje su feso. Me zan yi?

Wannan ya zama ruwan dare a wurinmu, domin sunna ta hana a bar gashin mara ya wuce kwana 40, gashinmu kuma mai murɗewa ne. Idan aka aske shi ƙwal da reza, yakan lanƙwasa ya koma cikin fata wajen tsirowa, sai ƙurji ya tashi. Alamarsa, yana fitowa ne inda gashi yake, kwana biyu ko uku bayan aski, wani lokaci ka hango gashin a tsakiya, kuma yana bajewa cikin mako ɗaya ko biyu. Zafin bazara da gumi da matsattsen wando na roba suna ƙara rura shi.

Ka jiƙa wurin da ruwan ɗumi da sabulu kafin aski, ka sa sabuwar reza, ka bi inda gashin ya kwanta, kada ka yi ta maimaitawa a wuri ɗaya. Wanda fatarsa ba ta jure reza ya koma injin aski nasa na kansa. Kada ka yi aron reza ko ka ba da taka, domin ciwon hanta da HIV suna bin jini. Idan kuma kana da tsiro ko ƙurajen da ba ka san kansu ba, ka dakata da reza a wurin, ita ce ke kwashe su ta shuka a wani gefe.

Akwai ƙullutu a fatar marainana, yana motsi idan na taɓa. Abin tsoro ne?

Tambayar farko da zan yi maka: a fatar yake, ko a jikin ƙwayar da ke ciki? Idan za ka iya kama shi tare da fata ka ɗaga, ƙwayar tana zaune daban, galibi 'yar jaka ce da ta tara maiƙo da matacciyar fata. Wasu suna da ɗaya, wasu da yawa, har su yi tauri kamar tsakuwa. Ba su da haɗari, amma idan sun yi girma ko suna ruruwa likita yana cire su da ƙaramin aiki. Akwai kuma ɗigo-ɗigo ja ko masu duhu da ke fitowa dattawa a fatar maraina, ƙananan jijiyoyin jini ne suka buɗe, sukan yi jini idan an sosa da ƙarfi, amma su ma ba mugun abu ba ne.

Idan a jikin ƙwayar yake, magana ta canza. Je ka amsar ciwon daji.

Ta yaya zan gane tsiron HPV?

Tsiro ne irin wanda ake kira tusar jaki idan ya fito a hannu, sai dai na al'aura ya fi laushi. Samansa yakan yi gurji-gurji, girmansa ba ɗaya ba, wani shafaffe wani mai tsini, kuma yana ƙaruwa: yau biyu, bayan wata guda shida, wasu su haɗe su zama curi. Yana fitowa a jikin azzakari, a gindinsa, a maraina, a matsematsi, ko a bakin dubura, inda mutane da yawa ke ɗauka basir ne su yi ta shan maganin basir. Ƙwayar HPV ce ke kawo shi, kuma nau'i na 6 da na 11 su ne ke da alhakin kusan kashi 90 cikin 100. Ana ɗauka ta haɗuwar fata da fata wajen saduwa, yana iya ɗaukar makonni ko watanni da yawa kafin ya fito. Saboda haka fitowarsa yau ba ta nuna jiya aka ɗauka, kuma ba hujja ba ce ta zuwa gida a tayar da rigima.

Ana maganinsa. Likita yana iya ɗiga masa magani mai ƙona shi a hankali, ko ya daskarar da shi, ko ya ƙona da na'ura, ko ya yanke. Yakan dawo a watannin farko, sai a maimaita, wannan ba alamar magani bai yi ba ne. Da sannu garkuwar jiki takan ci ƙarfin ƙwayar ga yawancin mutane. Shan taba da ciwon suga da ba a kula da shi da HIV suna sa tsiron ya yi taurin kai.

Nawa masu sheƙi ne, kowanne da ɗan rami a tsakiya kamar cibiya.

Wannan siffar molaskam ce, wata ƙwayar cuta ta fata. Yara kan same ta a jiki da fuska ta wasa da tawul, manya kuma a mara da al'aura ta saduwa. Takan tafi da kanta cikin wata 6 zuwa shekara ɗaya da rabi. Farin abin da ke cikinta shi ne irin, idan ka fasa ka yaɗa. Babba da ya ga sun yi masa yawa, ko manya-manya, ko sun hau fuska, ya yi gwajin HIV.

Wani ɗan gyambo ya fito mini, ba zafi, kuma ya warke da kansa. Shi ke nan na rabu da shi?

A duk tambayoyin nan, wannan ce ta fi tayar mini da hankali, domin mai yin ta yana murna ne alhali lokacin ne ya kamata ya ruga asibiti. Haka tunjere yake farawa. Kimanin mako uku bayan saduwa, ko da yake yana iya zama daga kwana 10 har zuwa 90, ƙurji ɗaya zai fito ya fashe ya zama gyambo mai tsafta, zagayayye, bakinsa da tauri idan ka taɓa, ba zafi ko kaɗan. Sau da yawa kaluluwa takan tashi a matsematsi, ita ma ba zafi. Cikin mako 3 zuwa 6 sai ya rufe ko an sa magani ko ba a sa ba. Duk abin da mutum ya shafa a lokacin, shi zai yi ta yaba wa abokansa.

Gyambon ne ya rufe, ƙwayar kuwa ta shiga jini. Bayan makonni ko 'yan watanni sai ƙuraje marasa ƙaiƙayi su fito a jiki, har tafin hannu da tafin ƙafa, da zazzaɓi da ciwon maƙogwaro, wani gashinsa ya riƙa zuba. Su ma su ɓace. Daga nan cutar ta yi lamo shekaru, sannan ta iya taɓa zuciya, ƙwaƙwalwa, ido da jijiyoyi. A tsakanin nan matar gida ta ɗauka, kuma tunjere yana ratsawa zuwa ɗan da ke ciki: ɓari, haihuwar gawa, ko jariri mai ciwo. Na taɓa zama da wani magidanci da matarsa ta yi ɓari sau biyu a jere, an yi ta rubutu da hayaƙi. Da gwajin jini ya fito, ya yi shiru ya daɗe yana juya hularsa a hannu, sannan ya ce ya tuna wani ɗan gyambo shekara biyu baya, bai ma ɗauke shi ciwo ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne sauƙin maganin. Idan an kama shi da wuri, allurar fenisilin mai daɗewa a jiki guda ɗaya ce, idan ya daɗe kuma uku, mako-mako. Wanda jikinsa ba ya karɓar fenisilin akwai madadi. Ko gyambon ya warke tun bara, je ka a ɗebi jininka. Idan kuma sabo ne gwaji bai nuna ba, a maimaita bayan 'yan makonni, domin da farko jini yakan yi jinkirin nunawa.

Ban taɓa kusantar mace ba. Ko a ban-ɗaki na ɗauka?

Idan ba ka taɓa saduwa ba, kusan tabbas abin da ka gani yana cikin halittun fata da na bayyana a sama, ko na aski, ko ƙazuwa. Tunjere da tsiron al'aura ba a tsugunon masai ake kwasarsu ba, ko buta, ko ruwan alwala. Maganar "sanyin ban-ɗaki" ta yi yawa a bakin masu tallar magani a kasuwa da lasifika, ta sa masu lafiya suna kashe kuɗi a banza, masu cuta kuma sun sami abin fakewa.

Ba sa zafi, amma ƙaiƙayi da dare kamar in cire fatar.

Ka duba tsakanin yatsunka da wuyan hannu da ƙugu, ka kuma tambaya ko wani a ɗakin yana susa. Ƙazuwa tana son fatar azzakari da maraina, tana barin ƙulle-ƙulle masu tauri a wurin, kuma tana yawo a makarantun kwana da na allo da duk inda ake haɗa shimfiɗa. Ana shafa maganinta daga wuya har ƙafa, kowa a ɗakin rana ɗaya, a wanke kaya da zanin gado da ruwan zafi a shanya a rana. Ƙulle-ƙullen sukan yi makonni bayan ƙwarin sun mutu, kada ka yi ta ƙara magani.

Ba zan iya siyan magani a kemis ko in je wurin mai maganin gargajiya ba?

Na ga saurayin da ya zo yana tafiya a tattale, ya ɗaure dakakkiyar tafarnuwa a kan kaciyarsa ya kwana da ita, don ya kashe ƙurajen da tun farko ba cuta ba ne. Fatar ta saɓule kamar ƙunar ruwan zafi, mako uku muna wanke masa ciwo, kuma tabon yana nan. Na ga na man goge baki, na kanwa, na ruwan batir, na wanda ya ba wanzami ya tsaga. Fatar wurin siririya ce ƙwarai, abin da tafin hannu zai jure ita ba za ta jure ba. Don Allah kada ka gwada.

Man shafawa mai haɗi uku da ake miƙa wa kowa a kemis yana ɗauke da sinadarin da ke sirantar da fata idan an daɗe ana shafawa, yana kuma ba tsiro da makero damar bazuwa. Kafso biyu ko uku da ake ƙirga wa mutum a leda ba sa kashe tunjere, sai dai su rufe alamarsa su rikita gwaji. Maganin ƙona tsiro na hannu da ƙafa ma ba na al'aura ba ne.

Zai iya zama ciwon daji?

Ciwon dajin azzakari ba shi da yawa, kuma ya fi ƙaranci ga waɗanda aka yi wa kaciya tun suna yara, kamar yawancinmu. Ya fi kama wanda ya haura shekara 50. Alamarsa tsiro ko gyambo ko wani jan tabo mai kauri da ya ƙi warkewa har mako huɗu, yana girma, yana jini ko wari. Ana yankar ɗan ƙaramin nama a auna, da haka ake tabbatarwa.

Na maraina kuwa samari ya fi kamawa, daga shekara 15 zuwa wajen 40. Ƙullutu ne mai tauri a jikin ƙwayar kanta, ko ƙwaya ɗaya ta yi girma ta yi nauyi, ba zafi. Yana cikin ciwon dajin da aka fi samun nasarar warkarwa idan an zo da wuri. Ba duk kumburin maraina ne daji ba, gwaiwa da ƙaba sun fi shi yawa nesa ba kusa ba, amma hannu ba ya rabewa, sai an yi hoto. Ka saba da taɓa naka sau ɗaya a wata bayan wanka da ruwan ɗumi, don ka san yadda suke tun suna lafiya.

To yaushe ne lallai sai na ga likita?

A cikin makon nan, idan akwai gyambo ko ƙurji da ya fashe, ko da ya rufe. Idan ƙullutun a jikin ƙwayar maraina yake. Idan abin yana ƙaruwa, yana jini, ko launinsa na canzawa. Idan akwai kaluluwa, ko ruwa ko mugunya na fita ta mafitsara, ko fitsari na zafi. Idan ya fito bayan saduwa da wadda ba ka san lafiyarta ba. Ko idan matarka na da ciki. Mai ciwon suga ko HIV kada ya jira komai. Ƙurjin da kake zaton na aski ne, ba shi mako biyu, in bai tafi ba ka kai shi.

Abu ɗaya ne ba ya jiran wayewar gari: ciwo mai tsanani da ya sari maraina farat ɗaya, da kumburi ko amai. Ƙwayar na iya murɗewa jini ya yanke mata, kuma awa shida na farko su ne damar ceto ta. Ko ƙarfe biyun dare ne a tafi sashen gaggawa.

Idan kuma babu ko ɗaya cikin waɗannan amma abin ya hana ka barci, wannan ma dalili ne. Duban minti biyu ya isa a ce maka lafiyarka ƙalau.

Ina zan je, kuma me za a yi mini? Ina jin nauyin tuɓewa.

A cikin Katsina akwai Asibitin Koyarwa na Tarayya, wanda a da ake kira FMC, da Babban Asibitin Katsina, da Asibitin Ƙwararru na Janar Amadi Rimi. Mutanen Daura da kewaye su fara da asibitin gwamnati da ke Daura. Ka yanki kati ka ga likitan yau da kullum, shi zai tura ka wurin likitan fata ko na mafitsara idan da buƙata. Ba sai ka yi wa mai ba da kati bayani ba, ka ce matsalar fata ce. Kana da damar neman namiji ya duba ka, kuma sirrinka amana ce a wuyanmu. Malamai ma sun halatta buɗe al'aura ga likita gwargwadon lalura.

Za a tambaye ka tun yaushe, me ka shafa, da batun saduwa. Faɗi gaskiya, ba alƙali ne a gabanka ba, kuma amsarka ce ke nuna gwajin da za a yi. Za a duba da safar hannu a bayan labule, wataƙila a ɗebi jini don tunjere da HIV da ciwon hanta, ko a rubuta hoton maraina. Kada ka shafa komai a ranar, ka kuma taho da kwalin duk abin da ka riga ka yi amfani da shi. Hoton waya yana taimakawa wajen nuna yadda abin yake a farko, amma kada ka tura shi a zaurukan WhatsApp neman fatawa.

Bikina saura wata ɗaya. Ko kuma: ina da iyali, in faɗa mata?

Angon da ya ga wani abu ya zo yanzu, kada ya bari sai ana saura kwana uku. Idan halittar fata ce, ka shiga ɗakinka da kwanciyar hankali, babu abin da za ka shafa mata. Idan tunjere ne, wata ɗaya ya isa a yi allura gyambo ya warke. Ana ƙaurace wa saduwa aƙalla kwana 7 bayan allurar kuma har sai ya rufe sarai. Idan tsiro ne a fara magani, likita ya ba ka shawara kan kwaroron roba, wanda yake rage yaɗuwa ko da yake bai rufe duk fatar ba. Ka sani gwajin kafin aure da aka saba yi bai cika haɗawa da duba fata ba, sai ka nema.

Mai iyali kuwa, idan cutar ta saduwa ce, dole a duba uwargida, in mata biyu ne ko uku duk a duba su, ko da babu wadda ke jin komai. In kai kaɗai ka sha magani, za ka sake ɗauka a gidanka. Na san maganar tana da nauyi, shi ya sa nakan ce wa magidanta su taho tare mu yi bayanin a gabansu. Ga mace, wasu nau'o'in HPV, musamman na 16 da 18, su ne ke jawo mafi yawan ciwon dajin bakin mahaifa, don haka ta nemi a yi mata gwajin bakin mahaifa. A Oktoban 2023 Najeriya ta shigar da rigakafin HPV cikin alluran da ake yi kyauta, aka fara da 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14. Idan kana da 'ya a wannan shekarun, ka tambaya a asibitin sha-ka-tafi na unguwarku ranar da suke yi.